Kyanwa Ta Ɗari

Tun da aka bar wa na'ura hukuncin farauta, dokar ɗaya ce: ranar da kyanwoyin daji masu ƙarfen ƙidaya a wuya suka cika ɗari, an buɗe harbi.

Lantana, ɗalibar da ke ƙirga su, ta durƙusa gaban keji da ƙarfen a hannu. Kyanwar da ke kejin ita ce ta ɗari, ga tsohon ciki. A bayanta maharba har sun fara ɗura bindigogi.

"'Yata, sa mata mu wuce," in ji Baba Tanimu, sarkin baka. "Ba ita ce cikon digirinki ba?"

"Ita ce, Baba."

Ta zare sakata. Kyanwar ta shige ciyawa, wuyanta ba komai.

"Casa'in da tara," in ji na'urar.

Lantana ta miƙe. "To, su riƙe digirin."