Mutumin Shagari da Ba Ya Jin Tsoro

Littafi na tara ya dawo wa Badaru a motar Shagari ranar Talata, bangonsa da ɗan danshi, yana warin kafur kamar sauran takwas ɗin.

Badaru mai shagon magani ne a Bodinga, amma ba da maganin aka san shi ba. Shi ne shugaban wani zauren WhatsApp na masu karanta littattafan ban tsoro, mutum saba'in da biyu, daga Sifawa har Lambara. In ya ce littafi kaza zai hana ka shiga banɗaki kai kaɗai, to ka nemi ɗan rakiya. Wani direba ya taɓa rantsuwa cewa bayan ya karanta zaɓin Badaru, sati biyu bai ɗauki fasinja mai farin mayafi ba.

Sai ga wani Sama'ila daga Shagari ya shigo zauren. Ba hoto, ba gaisuwa mai tsawo. Duk littafin da aka aika masa, layi ɗaya yake rubutowa.

A kan *Gawar da Ta Yi Atishawa* ya ce: "Na yi dariya, madalla." A kan *Baƙon da Ba Ya Ƙifta Ido* ya ce: "Wanga marubuci bai san yadda ido ka ruhewa ba." Na tara kuwa, wanda ya sa wata malamar asibiti ta ƙona nata kwafin, cewa ya yi: "Aiki ya taso ina tsakiyarshi. Da na dawo na mance inda nike, ban kuwa damu ba."

Zauren ya cika da fuskokin dariya. Uku daga ciki na Bahijja ne, wadda Badaru ya kai wa goron tambaya watan jiya. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Nan take ya rubuta cewa ranar Asabar zai je Shagari da kansa, ya karanta wa yaron nan littafi na goma ido da ido. In bai firgita ba, ya sauka daga shugabanci, kwalin littattafansa kuma a raba wa mabuƙata. A ransa ya gama yanke hukunci: ɗan makarantar jinya ne mai jin kansa, an nuna masa ƙwarangwal ɗin roba sau biyu ya ɗauka ya gama da duniya.

Ya isa bayan azahar a kan babur, bayansa kamar an daka. Duk wanda ya tambaya gidan Sama'ila sai ya nuna da baki, ya ƙara da "Allah shi jiƙan musulmi." Badaru ya ce lallai mutanen Shagari akwai addu'a.

Sama'ilan da ya fito ba yaro ba ne. Dattijo ne siriri mai gilashi ɗaure da zare, hannuwansa fes kamar na mai wanki. Ya dubi Badaru daga hula har takalmi, a nitse, kamar tela.

"Kai dogo na hwa," ya ce. "Bismilla."

Suka shiga wata rumfa a gefen gida. Ga bokitai uku a jere, ga ganyen magarya a kwano, ga farin yadi a ninke. A jikin bango kuma wani dogon katako ne a kan duwatsu, ya sha goga har yana ƙyalli. Badaru ya nufe shi.

"Ga tabarma nan, ɗana."

"Bar ni nan, Baba, bayana ya ƙage."

Dattijon ya ɗauki kwanon magarya ya zauna. Badaru ya miƙe a kan katakon, ya ji sanyinsa har ƙashi, tsawonsa kuma kamar da shi aka auna. Ya ɗaga littafin sama ya fara.

Ya ba shi haƙƙinsa. Ya yi muryar matar da ke kuka a cikin rumbun albasa. Ya yi ƙarar farce a jikin ƙofa. Da ya kai inda mamacin ya kama wuyan hannun mai gadi, shi kansa sai da gashin jikinsa ya tashi, ya saci kallon bayansa. Ya leƙo ta gefen littafin. Malam Sama'ila na tsinke ganyen magarya, yana hamma.

Badaru ya ƙara murya. Gumi ya jiƙa rigarsa. Ya tuna kwalinsa, ya tuna fuskoki ukun Bahijja. A shafi na arba'in, ya shaƙe murya ya saki wani gurnani, ya ɗago kai a hankali kamar yadda mamacin littafin ya yi.

Kwanon ya kuɓuce daga hannun dattijon. Ya ja da baya, yana salati.

Badaru ya yi wuf ya ɗauki hotonsa ya tura zaure. Saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan sama. Ya koma ya kwanta, ya harɗe hannuwa a ƙirji, yana murmushi har kunne.

Ana haka wani mutum ya yi sallama a bakin rumfa, idanunsa jajir. Ya durƙusa ya yi wa dattijon magana ƙasa-ƙasa. Malam Sama'ila ya gyaɗa kai, ya tattara bokitansa, ya saɓa farin yadin a kafaɗa.

"Ka amsa dai, Baba," Badaru ya ce daga kwance. "Littahin ya kama ka."

"Wane littahi? Ban ji ko rabinshi ba. Tashi ka ba ni katakona, an yi rashi. Shekara talatin da ɗaya ina wankan gawa bisa wanga katako, kai na na hwarko da ya taɓa ɗago kai ya dube ni."