Koren Tambari

Mai babur ya dire kwalin a ƙofa, ya bar wa matar gidan hayaƙi.

Ta karanta koren tambarin da ke jiki: "Mai wannan kaya ya biya kuɗin dasa bishiya ɗaya, diyyar hayaƙin kawo shi." Da irin kuɗin nan ake biyanta. Shekara huɗu tana dashe a gandun daji.

"Kar ki buɗe," in ji mijinta.

"Me ka sayo a intanet da ake ɓoye min?"

"Aiki na samu. Bar shi kawai."

Ta farke kwalin. Haƙoran injin yankan itace suka yi ƙyalli.

"A wane daji?"

Ya ƙura wa lakar gandun da ke takalminta ido.