Mai Juya Wa Ƙwallo Baya

Malam Maitama bai taɓa shiga gidan kallon ƙwallo ba sai ranar Alhamis ɗin nan. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, matasa suka matsa masa a benci.

Mahadi mai gidan kallon ne ya aika aka kira shi daga fadama, yana tsakiyar yankan shinkafa. Ya ce a wasan jiya, a wani katafaren fili na ƙasar waje, ya ga mai kama da Awaisu.

Awaisu ɗan Malam ne. Ya bar Malumfashi da niyyar tsallake teku, shekara bakwai ba waya, ba saƙo. Alƙali ya raba aurensa da Sa'adiya, ta yi idda, gobe bayan Juma'a za a ɗaura mata aure da Jibril mai injin niƙa. Malam ne waliyyinta, don 'yar marigayi ƙanensa ce. Sai dai ta faɗa a gaban kowa: in Awaisu yana raye, ta fasa, za ta ci gaba da jira.

Mahadi ya kunna maimaicin wasan. Ciyawa kore shar, kujeru hawa-hawa har kusa da rufi, jama'a kamar an kwashe kasuwar Bakori an zuba.

"Baba, bar 'yan wasan. Dubi masu riguna ruwan ɗorawa can gefe. Aikinsu ke nan, su juya wa ƙwallo baya, su sa wa 'yan kallo ido."

Malam ya dubi bayan ɗaya daga cikinsu da Mahadi ya nuna masa. Aka ci ƙwallo, fili ya kaure da ihu, mutumin bai ko motsa ba. Sai da ƙwallo ta daki allon da ke kusa da shi ya waiga. Mahadi ya tsayar da hoton.

Fuska ce ta mai ci yana ƙoshi. Gemu a gyare, waya maƙale a ƙirji.

Malam ya goge tabarau, ya sa, ya daɗe yana kallo. Ya shafa kunnensa na hagu.

"Ba shi ba ne."

"Baba, in maido baya?"

"Kashe. Kada ka ƙona mai a banza."

Ya iske Sa'adiya a tsakar gida, ƙafa ɗaya da lalle, ɗaya babu.

"Baba?"

"Kama ce kawai. Je ki a ƙarasa miki."

Ta sauke numfashi. Yana zaure ya jiyo dariyarta cikin mata, irin wadda ya manta tana da ita.

Ya ɗauki laujensa zai koma fadama, ya tsaya yana duban bakin laujen. Shi ne laujen da ya gutsure wa Awaisu kunnen hagu yana yaro, kuma ɗazu a hoton Malam ya ga duk shekarun nan gurbin bai cike ba.