Tabon Jan Biro

Tun da aka yi wa Marnie dashen hanta ba ta ƙara cire riga a bakin tekun Newcastle ba. Sai dai ta zauna kan yashi tana hararar ƙanwarta Keeley, mai ciki sumul, tana ta tsalle cikin ruwa.

Ranar Asabar ta kama yarinyar gaban madubi, ta zana wa cikinta dogon tabo da jan biro.

"Ni kike kwaikwaya, mara kunya?" Marnie ta fizge biron.

Keeley ta turo baki, idanunta suka ciko da ƙwalla. "Yaya, ke Baba ya yanko wa hantarsa. Tabonku ma iri ɗaya ne. Ni kuwa me ya ba ni? Keke."