Ruwan Allon da Ba a Sha Ba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, mahaifina yana koya mini a allo baƙaƙen harshen Kaldiyawa, wasu Kiristocin Iraƙi, wanda ya koyo lokacin karatunsa a can. Wata la'asar ya dawo daga masallacin unguwarmu a Daura fuska a murtuke. An fara cewa tsafi yake rubutawa.

Ya ce, "Wanke allon nan."

Na wanke a ƙwarya kamar rubutun sha, warin tawada na tashi. Na ce, "Baba, wa zai sha?"

"Zuba a kwata."

Ban taɓa ganin an zubar da ruwan allo ba. Ya juya baya har na gama.

Yanzu ba ya duniya, ni kuwa ko baƙi ɗaya ban riƙe ba. Warin nan kaɗai na gada.