Baƙuwar Inna Filomena

Inna Filomena ta sake cika wa baƙuwarta faranti da taliya, ta marmasa soyayyen tattasai a kai.

"Ci, 'yata. Ku mutanen birni duk kun bushe kamar kara."

Fiorenza ta ci.

Rabon Pietrafonda da mai zuwa hutu har an manta. Ƙauye ne a kan tudun yumɓu can cikin yankin Basilicata, matasa sun watse sun bar tsofaffi da awaki. Shi ya sa da Fiorenza ta iso da 'yar jaka da kyamara ta ce hutawa ta zo yi, gari ya ɗauka. Filomena ta share mata ɗakin ɗanta Saverio, wanda ke aiki a Jamus.

Kullum da safe sai ta sa takalmin hawan dutse ta fita. Gonakin zaitun ba su dame ta ba, lunguna take bi. An gan ta a bayan coci tana shafa bango. Ta tambayi mai burodi yaushe ƙofarsa ta fara cijewa. Ta tambayi mata ko tun da can ruwan nan yake tsattsafowa a gindin tsohuwar makaranta.

Donato, mijin Filomena, ya samu abin tsokana.

"Mutane na ɗaukar hoton faɗuwar rana, ke kuma tsagar bango! Zo ki ga tamu, ta fi ta coci kyau."

Ya ja ta kicin, ya ture kabad, ya zura hannu cikin tsagar har wuyan hannu yana dariya. Ita dai ta ɗauki hoto, ta yi godiya, ta shige ɗaki. Ranar ba ta fito cin abincin rana ba.

Ranar Lahadi aka yi bikin waliyyin garin. Suka sa ta a sahun gaba, kowa yana son ta ɗanɗana cukunsa. Ana cikin kiɗa Filomena ta kamo hannunta, fuskar nan fal murna.

"Na gaya wa Saverio baƙi sun fara zuwa. Zai dawo ya gyara benen gidanmu, ya mai da shi masauki. Jikokina za su tashi a gabana."

"Inna, ki ce masa ya ɗan dakata."

"Ya dakata me? Ai ya riga ya ajiye aikin. Ke kika buɗe mana ƙofa, Allah ya yi miki albarka."

Fiorenza ta buɗe baki, sai Donato ya fizge ta zuwa rawa. Ta yi rawar.

Da za ta tafi suka cika mata mota da man zaitun da burodi mai zafi. Filomena ta sumbace ta a kumatu, ta ce baɗi ta zo da mijinta, kuma kada ta sake ta sauka a gidan wani.

Ta gangaro a hankali. Sai da garin ya ɓace a madubi ta tsaya a gefen hanya, ta kifa kai a sitiyari. Ƙamshin burodin ya cika motar. Wayarta ta yi ta ƙara kafin ta ɗauka.

"Sun gane ki?" in ji shugabanta na wurin aiki. "Kin san da duwatsu suka kori waɗanda muka tura a baya."

"Ba su gane ni ba. Ciyar da ni suka yi."

"To, me kika gani, Injiniya?"

"Tudun yana zamewa," ta ce. "A kwashe kowa daga garin kafin ruwan damina ya sauka, ba kuma mai sake komawa."