Takardar Ajiye Aikin Ɗana

"Tsayar da ita, Baban yara!" in ji surukata.

"Ba ta tsayuwa!" Ɗana yana ta dukan madannai. "A tsohon tsarin kwamfutar nan, in manhajar rubutu ta aiki wata manhaja, sandarewa take sai aiken ya dawo."

Ɗazu cikin fushi ya rubuta wa maigidansa takardar ajiye aiki, ya umarci manhajar ta tura. Yanzu ido ya raina fata.

"To me za mu ci? Girman kanka?" in ji matar tasa.

Ni dai na san takardar ba inda za ta je. Tun safe na zare wayar intanet ɗin na ɗaure ƙafar kujerata da ita. Bari ja'iri ya koyi durƙuso.

Ya suri hularsa zai je ban haƙuri, ya bugo ƙofa garam!